Tambaya da Amsa: Yadda Ake Tsare Mata da Baƙi a Manyan Gidajen Yari

Wasiƙu biyu za mu duba a wannan fitowar, ɗaya daga Accra, ɗaya daga Kumasi. Ta biyun ce za ta ci mafi yawan filin, domin akwai wadda ke zaune a bayan katanga tana jiran amfanin amsarta.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Nima. Mun yi gardama da abokaina a kan kurkukun nan na Amurka da aka ce babu kamarsa wajen tsaro. Shin ana kai mata can, kuma ana kai waɗanda ba 'yan ƙasar ba? Mu ma muna da irinsa a Ghana?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗana. Kurkukun da kuke gardama a kansa shi ne ADX Florence da ke jihar Colorado, wanda aka buɗe a 1994. Fursuna a can yakan shafe kimanin awa 23 a kowace rana shi kaɗai a ɗakin kankare, tagarsa ba ta wuce faɗin inci 4 ba. Baƙi suna da yawa a cikinsa. Akwai Joaquín Guzmán na Meziko, madugun fataucin hodar iblis da aka kai can a 2019, akwai kuma Umar Faruk Abdulmutallab ɗan Najeriya, wanda a nan Accra ya sayi tikitin jirgi a Disambar 2009 kafin ya yi yunƙurin tarwatsa jirgin da ke shirin sauka a Detroit, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 2012. Amma maza kaɗai ake kaiwa can. Matan da gwamnatin tarayyar Amurka ke ɗauka a matsayin masu hatsari tana tsare su ne a wani keɓaɓɓen sashe na kurkukun Carswell da ke Texas, kurkukun da Aafia Siddiqui 'yar Pakistan take zaman ɗaurin shekara 86 da aka yanke mata a 2010. Ingila ma haka take yi, tana keɓe irin waɗannan mata a cikin gidajen yarin mata kamar Bronzefield da Low Newton, sannan tana da gidajen yari irin su Huntercombe da Maidstone da ta ware wa maza baƙi zalla, domin a sauƙaƙa mayar da su ƙasashensu idan lokaci ya yi.

Dalilin da ya sa ba a cika gina wa mata irin wannan kurkuku ba shi ne ƙarancinsu, domin a duniya baki ɗaya mata kimanin kashi 7 cikin 100 ne na fursunoni, kuma waɗanda ake jin tsoron su gudu ko su yi kisa a cikinsu 'yan ƙalilan ne. A Ghana kurkuku mai tsananin tsaro shi ne na Ankaful, kusa da Cape Coast, wanda aka ƙaddamar a 2011 zamanin marigayi Shugaba Atta Mills domin ya ɗauki mutum 2,000, kuma shi ma na maza ne. Tsarinsa bai kai na Colorado tsanani ba, kuma ban ga dalilin da zai sa mu yi sha'awar ya kai ba, tun da ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya sun haramta kulle mutum shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce, ina zaune a Aboabo cikin Kumasi. Shekara shida ke nan wata baiwar Allah 'yar Maraɗi take sauka a gidana duk lokacin da ta zo sarin atamfa a Kejetia, har muka zama kamar ya da ƙanwa. Bara aka kama ta da wani ƙunshi da aka ba ta saƙo, aka ce an samu miyagun ƙwayoyi a ciki, kotu ta ɗaure ta shekara goma, kuma bayan 'yan watanni a kurkukun mata na nan Kumasi aka mayar da ita Nsawam. Ba ta jin Turanci, Twi ɗinta kuwa bai wuce na ciniki ba. Wasu suna ce mini Nsawam wurin manyan masu laifi ne, ana haɗa mata da maza, kuma baƙo ba shi da wani haƙƙi a can. Mahaifiyarta tana kirana kowace Juma'a tana kuka, ni kuma na rasa abin da zan gaya mata. Don Allah yaya ake tsare mata a irin wannan wuri, kuma ana iya mayar da ita Nijar ta ƙarasa wa'adinta kusa da 'ya'yanta? Daga Hajiya, Aboabo. Mun sakaya sunanta.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah Ya saka miki da alheri a kan riƙe amanar baƙunta, Ya kuma kawo wa ƙanwar taki mafita. Zan fara da maganar da ta fi tayar miki da hankali. Ba a haɗa mata da maza a gidajen yarin Ghana. A Nsawam gidan maza dabam ne da na mata, kowanne da katangarsa da ƙofarsa da shugabansa. Babban, wanda aka buɗe a 1960, na maza ne, kuma shi ne wanda ɗan siyasar nan J. B. Danquah ya rasu a cikinsa a Fabrairun 1965. Shi ne ya yi ƙaurin suna da cunkoso, domin an gina shi ne saboda mutanen da ba su kai dubu ɗaya ba, amma ya daɗe yana ɗauke da fiye da dubu uku, kuma labaransa ne mutane ke ji su ɗauka duk Nsawam haka take. Ko shi ɗin, a rubuce matsayinsa matsakaicin tsaro ne. Na mata gida ne dabam, ƙarami, wanda gandirobobi mata ke kula da shi.

Gidajen yarin mata bakwai ne a ƙasar nan, a Nsawam, Kumasi, Sekondi, Sunyani, Ho, Akuse da Tamale, kuma mata ba su kai kashi 2 cikin 100 na fursunoni kimanin 14,000 da ke tsare ba. Wannan ƙarancin yana da amfani, yana kuma da illa. Amfaninsa shi ne ƙanwarki ba ta cikin irin matsatsin da maza ke ciki, inda a wasu ɗakuna ake kwana jiki na gogar jiki. Illarsa kuwa ita ce, tun da babu gida na musamman domin masu manyan laifuka, mai ɗaurin wata shida da mai ɗaurin rai da rai sukan zauna a harabar gida ɗaya. Lokacin da majalisar dokoki ta soke hukuncin kisa a kan laifukan yau da kullum a Yulin 2023, mata shida ne ke jiran wannan hukunci tare da maza 170. Nsawam ne mafi girma a cikin gidajen matan, shi ya sa mai dogon wa'adi takan ƙare a can, saboda haka kada ki ɗauki mayar da ita da aka yi a matsayin alamar cewa ta yi wani sabon laifi ko an ƙara mata hukunci.

Akwai ma'aunin da duniya ta amince da shi wajen tsare mata. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 da ake kira na Nelson Mandela sun ce sashen mata ya kasance a hannun jami'a mace wadda makullai ke wurinta, kada namiji ya shiga sai da rakiyar mace, kuma idan an haifi yaro a kurkuku kada a rubuta haka a takardar haihuwarsa. Ƙa'idojin Bangkok na 2010, guda 70, waɗanda aka rubuta domin mata kaɗai, sun ƙara da cewa mace ce kaɗai za ta binciki jikin mace, a ba fursunoni audugar mata kyauta, kada a kulle mai ciki ko mai shayarwa ita kaɗai da sunan horo, kada a sa wa mai naƙuda ankwa ko mari, kuma a ajiye mace kusa da gidansu gwargwadon hali. Gaskiyar magana ita ce waɗannan ƙa'idoji ma'auni ne da ake tunatar da hukuma da shi, ba su da ƙarfin dokar da majalisar ƙasa ta yi. Mai ƙarfin doka shi ne tsarin mulkin 1992, wanda sashensa na 15 ya ce ba a keta mutuncin kowane mutum, kuma kalmar da ya yi amfani da ita mutum ce, bai ce ɗan ƙasa ba. Haka kuma sashe na 313A na dokar shari'ar laifuka ya wajabta wa kotu ta sa a gwada mace ko tana da ciki kafin a yanke mata hukunci, idan tana da shi a ba ta hukuncin da ba na ɗauri ba ko a jinkirta shi. Na kawo wannan ne domin sauran masu karatu mata, domin mutane da yawa a zangunanmu ba su san da shi ba.

Abin da zai fi damun ƙanwarki a zaman yau da gobe shi ne abinci da harshe. Fiye da shekara goma kuɗin abincin fursuna ɗaya a rana sidi 1 da fesuwa 80 ne, sai a 2025 gwamnati ta sanar da ƙara shi zuwa sidi 5, lokacin da ɗan majalisarku na Asawase, Muntaka Mohammed Mubarak, ke riƙe da ma'aikatar cikin gida. Ke da kike kasuwa kin fi ni sanin abin da sidi 5 ke saya. Fursunan da ke da dangi a kusa yana cike giɓin da garin rogo, sukari, shito, sabulu da maganin ciwon kai da ake kawo masa ranar ziyara. Baƙuwa ba ta da mai kawo mata, sai ta dogara da abin da masallatai da coci-coci ke kaiwa sadaka, ko da kirkin abokan zamanta. A takarda ita da 'yar ƙasa hukuncinsu ɗaya, amma a aikace ta baƙuwar ya fi nauyi, kuma wannan ƙarin nauyi ba alƙali ne ya ɗora shi ba.

Maganar harshe ta fi ta abinci zurfi. Na taɓa bin jama'ar masallacinmu kai kayan buɗa-baki wani gidan yarin mata a watan azumi, na yi wa wata dattijuwa sallama da Hausa na tambaye ta mutan gida, sai ta fashe da kuka, ta ce ta yi watanni ba wanda ya gaishe ta da harshen da take mafarki da shi. Wadda ba ta jin abin da ake faɗa ba ta san dokokin gidan ba sai ta karya su, ba ta iya bayyana wa ma'aikaciyar jinya inda ke mata ciwo, kuma idan lauyoyi sun zo duba shari'o'i ba ta san ta ɗaga hannu ba. Abin farin ciki shi ne Hausa tana yawo a ko'ina cikin Ghana, da wuya a rasa gandiroba ko fursuna 'yar zango ko 'yar arewa da ke jin ta. Idan kin je, ki roƙi shugabar gidan cikin ladabi ta haɗa ta da mai jin Hausa, ki kuma nemi a sanar da limamin hukumar gidajen yari halin da take ciki.

Harshen nan yana iya taɓa shari'ar kanta. Sashe na 14 na tsarin mulki ya ce duk wanda aka kama a gaya masa dalili nan take da harshen da yake ji, tare da haƙƙinsa na samun lauya, sashe na 19 kuma ya ba shi tafinta kyauta a kotu. Ki tambaye ta dalla-dalla: wa ya yi mata tafinta, ta fahimci tuhumar kafin ta amsa, an karanta mata abin da ta dangwala wa hannu? Idan an yi shari'ar ba ta fahimci abin da ake faɗa ba, wannan magana ce da lauya zai iya kaiwa gaban kotun ɗaukaka ƙara. Ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, amma ko ya wuce ana iya neman izinin kotu. Hukumar ba da taimakon lauya ta gwamnati tana da ofishi a Kumasi da Accra, kuma domin marasa ƙarfi aka kafa ta. Ba na yi miki alkawarin nasara, domin kotuna sun sha jin maganar saƙon da ba a san abin da ke ciki ba, kuma ba su cika karɓarta ba sai da hujja. Ki guji duk wanda zai zo ya ce ki ba shi kuɗi yana da hanya a ciki, irin waɗannan suna cin kasuwarsu ne a kan hawayen iyalan fursunoni.

Masu cewa baƙo ba shi da haƙƙi sun yi kuskure, domin yana da wani haƙƙi ma da ɗan ƙasa ba ya buƙata. Sashe na 36 na yarjejeniyar Biyana ta 1963 kan hulɗar jakadanci tsakanin ƙasashe ya wajabta a gaya wa baƙon da aka kama, ba tare da jinkiri ba, cewa yana iya neman a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, kuma jami'an ofishin suna da ikon ziyartarsa, su yi magana da shi, su taimaka masa ya samu lauya. Ƙasashe sun kai juna Kotun Duniya a kan wannan sashe: Jamus ta yi nasara a kan Amurka a 2001, Meziko ta yi nasara a kanta a 2004, Indiya kuma a kan Pakistan a 2019. Ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 ba ta taɓa wannan haƙƙi ba, domin daga wata yarjejeniya dabam ya fito. Jakada ba ya buɗe ƙofar kurkuku, ba ya soke hukuncin kotu, amma fursunar da aka san ofishin ƙasarta yana tambayar lafiyarta ba ta ɓacewa a cikin takardu. Nijar tana da ofishin jakadanci a Accra. Ki rubuta musu takarda mai ɗauke da cikakken sunanta, garinsu, kotun da ta yanke hukunci, ranar hukuncin da lambarta ta fursuna, ki ajiye kwafi a wurinki.

Game da mayar da ita gida, Ghana tana da dokar musayar fursunoni ta 2007, kuma ƙa'ida ta 53 ta Bangkok ta ce a gaggauta duba mayar da mace baƙuwa ƙasarta, musamman idan tana da 'ya'ya a can. Sai dai abin ba ya yiwuwa sai akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu, sai gwamnatocin biyu sun yarda, sai kuma shari'a ta ƙare babu sauran ƙara a gaban kotu. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana nufin dole a zaɓi abin da za a fara nema, ɗaukaka ƙara ko komawa gida, kuma lauya ne zai auna muku. Ki sa tambayar a cikin takardar da za ki kai ofishin jakadancin, amma shawarata ita ce kada ki ɗora wa mahaifiyarta dogon buri a kan wannan hanya, domin hanya ce mai jinkiri ko a tsakanin ƙasashe masu kuɗi.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce rangwamen da dokar gidajen yari ta 1972 ta tanada, inda fursuna mai ladabi da ƙwazon aiki ke samun ragin da ya kai kashi ɗaya cikin uku na wa'adinsa. Akwai kuma afuwar shugaban ƙasa a ƙarƙashin sashe na 72 na tsarin mulki, kamar wadda Shugaba Mahama ya yi wa fursunoni 998 a Agustan 2025, cikinsu har da masu shayarwa biyu, amma afuwa alfarma ce, ba a gina lissafi a kanta. Ki kuma shirya wa abin da kan biyo bayan kammala wa'adi, domin baƙon da aka ɗaure bisa babban laifi galibi hannun jami'an shige da fice yake komawa a mayar da shi ƙasarsa. Haka Babbar Kotun Accra ta yanke wa 'yar Sin ɗin nan da aka fi sani da Aisha Huang a Disambar 2023, ɗaurin shekara huɗu da rabi kan haƙar zinariya ba bisa doka ba, sannan a tasa ƙeyarta gida. Saboda haka ki adana duk wata takardar shaida ta ƙanwarki da kayanta da kuɗinta da ke hannunki, a rubuce, a gaban shaidu.

Ina da magana kuma ga shugabannin zango, ta bakinki. Kakanninmu fataken goro da suka bi hanyar Gwanja da Salaga har suka kafa zangon Kumasi sun san cewa baƙo yana da mai gida, kuma mai gida ba ya zame wa baƙonsa ranar da ya shiga hannun hukuma. Tsofaffin da suka ga korar baƙi ta 1969 zamanin Busia sun san ɗacin zama mara kowa a ƙasar da mutum ya ɗauka gida. Amma yau da an ji an ɗaure mace, musamman a kan ƙwaya, sai kowa ya ja jiki saboda kunya, a daina ambaton sunanta, alhali namijin da aka ɗaure matarsa da mahaifiyarsa ba sa fasa zuwa da kwanon abinci. Wannan bambanci yana damuna ƙwarai. Kada ki ɗauki nauyin nan ke kaɗai. Ki kai maganar gaban sarkin zango da shugabannin 'yan Nijar mazauna Kumasi, domin takardar da ta fito daga hannunsu ta fi saurin samun amsa, kuma cikin mutanensu na Accra ba za a rasa wadda za ta riƙa leƙa ta ba, tun da Nsawam ba ta da nisa daga can.

Ranar da za ki je, ki tambayi ranaku da lokutan ziyara tukuna, ki tafi da katin shaidarki, ki sani cewa za a bincika duk abin da kika kawo kuma ba a shiga da waya. Ki roƙi ofishin ajiye bayanai na gidan ya gaya miki ranar fitarta kamar yadda take a rubuce. Idan ta samu rangwamen cikakke, shekara goma za ta koma shekara shida da wata takwas, kuma ɗaya ta riga ta wuce ko ta kusa. Wannan ranar ce za ki gaya wa mahaifiyarta a Juma'a mai zuwa, tare da labarin cewa 'yarta tana cikin mata, a hannun mata. Ki kuma ce ta aiko da hotunan yaran ta hannun direbobin da ke zuwa daga Maraɗi, ki nuna wa gandirobobi su a bakin ƙofa, ki nemi izini a bar mata su.